Ip Man (fim na 2008)

Ip Man fim ne na Hong Kong da ya fito a watan Disamba 2008. Wilson Yip ne ya ba da umarni, Donnie Yen ya fito a matsayin jarumi, Sammo Hung kuma ya tsara faɗace-faɗacen. An gina labarin a kan rayuwar Ip Man (1893–1972), malamin kunfu na salon Wing Chun wanda daga baya ya koyar da Bruce Lee.

Labarin ya fara ne a Foshan, garin da ke kudancin ƙasar Sin, ya kuma yi suna da makarantun kunfu. Ip Man mai rufin asiri ne, ba ya ɗaukar almajirai, ba ya son fitina. Sai yaƙin Sin da Japan ya ɓarke a 1937. Sojojin Japan suka ƙwace gidansa suka mai da shi hedikwata, shi kuma ya koma leburanci a wurin haƙar kwal don iyalinsa su samu na sawa a baki.

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Janar Miura, gwanin kareti, yana ba da ƙunshin shinkafa ga duk Basinen da ya kayar da yaransa, yunwa kuma na tura malamai masu daraja su shiga fili. Da aka harbe ɗaya daga cikinsu a gaban idon Ip Man, jininsa ya jiƙa shinkafar, sai Ip Man ya ce a ba shi mutum goma. Ya yi musu dukan kawo wuƙa, ya ƙi karɓar ladan. Ƙunshin nan mai jini ya ɗauka, ya kai wa iyalan mamacin. Wannan tafiyar da ya yi shiru ta fi naushin taɓa zuciya.

Jigon, wato Basine gwanin kunfu da ke tunkarar Japanawa, tsoho ne a finafinan Sinawa, tun Fist of Fury na Bruce Lee a 1972, inda almajiri ke ɗaukar fansar malaminsa a Shanghai.

Ta fuskar tarihi kuwa, fim ɗin ya ƙara gishiri. Karawar da Ip Man ya yi da Miura a fim ɗin ƙagaggiya ce, kuma saɓanin yadda fim ɗin ya nuna, Ip Man bai koma Hong Kong ba sai 1949, lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a ƙasar Sin. A 2009 fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim a bikin karrama finafinan Hong Kong.