Na'urar auna yanayi a filin ciyawa: wurin kafawa da kula da ita

Masu kula da filayen ƙwallo da na golf a Jos, tun daga Rayfield har cikin gari, aikin wannan na'ura shi ne ta faɗa muku yawan ruwan da rana da iska suka zuƙe daga ciyawa, ku mayar mata. Da milimita na'urar ke auna ruwan: milimita 1 daidai yake da lita 1 a kowace murabba'in mita. Filin ƙwallo mai mita 105 da 68, in ya yi asarar milimita 5 a wuni, lita 35,700 ke nan. Kuskure kaɗan, tanka guda ta tafi.

Ku kafa ta a kan gajeriyar ciyawa da ake shayarwa, nesa da kwalta, kwanon rufi da duwatsun nan namu masu riƙe zafi. Ma'aunin iska ya tsaya mita 2 daga ƙasa, tsakaninsa da bishiya ko gini ya kai ninki 10 na tsayinsu. Ma'aunin hasken rana ku sa shi kudu da turken da na'urar ke kai, domin da rani rana ta kudu take bi, inuwar turken ba za ta faɗa masa ba. Kada feshin famfo ya kai mazurarin auna ruwan sama, in ba haka ba na'urar za ta rubuta an yi ruwa a tsakiyar Janairu, ta hana shayarwa.

Hunturu ne babbar matsala. Ƙura na kwanciya kan ma'aunin haske, sai ya nuna rana ta yi sanyi, lissafin ruwan da ciyawa ta rasa ya ragu, ciyawa ta yi ta ƙishi kuna ganin komai lafiya. Ku goge shi da tsumma mai laushi duk mako, har da farantin sola. Ma'aunin iska kuma, in kofunansa da iska ke juyawa suna ƙara ko sun daina juyawa a iska mai sauƙi, boris ɗin da suke juyawa a kai ya ci ƙasa, a canza.

Kafin damina ku buɗe mazurarin, za ku tarar da yanar gizo, wani lokaci har gidan zanzaro a kan ɗan cokalin da ke juyewa in ruwa ya cika shi, wanda da juyinsa ake ƙirga ruwan sama. Bayan wankewa ku gwada: mazurari mai faɗin baki murabba'in santimita 200 da ke ƙirga milimita 0.2 a kowane juyi, mililita 100 a hankali ya kamata ya ba da juyi 25. Ku duba ko yana zaune daidai, sannan ku ɗaure wayar ƙasa, mai kai wutar tsawa cikin ƙasa, da kyau saboda tsawar Filato.