Zurma don iri da kiwon tsutsar siliki: ko akwai riba a Sakkwato?

Tambaya: Wai da gaske zurman nan da ke fitowa bayan gida, wadda wasu ke ce ma cika-gida, ana kiwon tsutsa da ita?

Amsa: Da gaske ne. A jihar Assam ta Indiya akwai wata tsutsa mai suna Eri, ganyen zurma shi ne abincinta na farko, in ya yanke takan ci na rogo. Tana cin ganye kamar kwana 20 zuwa 25 sai ta saƙa gidanta, gidan nan ake kaɗawa kamar auduga a samu zare. Mu ma abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, zaren tsamiya da ake ma babbar riga aiki da shi ai daga gidan wata tsutsar daji yake.

Tambaya: To ina kuɗin yake, ga iri ko ga tsutsa?

Amsa: Ga iri, malam. Kusan rabin nauyin ƙwayar zurma mai ne, ana sa shi a sabulu, fenti, man shafawa da man inji, Indiya ce kan gaba a duniya wajen nomanta, musamman jihar Gujarat. Nan gida ma 'yan kudu na yin ogiri da ita, irin daddawarsu ta miya. Tsutsa ƙari ce kawai, ganyen da zai bushe ya zube banza ne kake maida shi kuɗi.

Tambaya: Tsinke ganye ba zai rage 'ya'ya ba?

Amsa: Nan lissafin yake. In ka tsaya ga kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen, kuma ka bari shukar ta yi ƙarfi tukuna, ragin ba ya da yawa. Amma wanda ya ga tsutsa na ci kamar fara ya bi gona ya yi mata aski, to ya sani 'ya'yan ne zai biya da su, ga kuɗin ɗaki da faifai ko tire da mai tsinko ganye safe da yamma, don a makon ƙarshe tsutsotsin ba su hutawa da ci wallahi.

Tambaya: Zafinmu fa?

Amsa: Shi ne babbar matsala. Tsutsar tana son wuri mai sanyi-sanyi da laima, kamar digiri 25 zuwa 28, mu ko a watan Afrilu muna wuce 40, hunturu kuma ga bushewa. Damina ce lokacinta, Yuli zuwa Satumba. Masu fadama a bakin gulbin Rima, wajen Wurno da Goronyo, za su iya samun ganye da rani, sai dai ɗakin sai an riƙa rataya jiƙaƙƙun buhuna.

Tambaya: Dusar da ta rage bayan an matse mai, a ba dabbobi?

Amsa: Kul! Akwai guba a ciki, tana kisa. Taki ake yi da ita, a kuma kiyaye yara da ƙwayar.

Tambaya: Da me zan fara?

Amsa: Nemo mai saye kafin ka sa garma. Iri kana iya tambaya a cibiyar bincike ta Badeggi a jihar Neja, suna aiki kan zurma. Ni dai zan ce shekarar farko ka shuka a gefen gonar gero ka sayar da 'ya'ya ka ga farashi, tsutsa ta jira sai ka samu inda za ka sami ƙwanta da wanda zai karɓi zaren.