Haɗurran sinadarai a masana'antar takarda da hanyoyin kauce musu

Masana'antar takarda, musamman wadda ke dafa itace da kanta, rabin aikinta na sinadarai ne. Kafin itace ya zama farar takarda sai an dafa shi da soda mai cin fata, an wanke shi, an mai da shi fari da sinadarai masu ƙarfi, sannan a ƙone ruwan dahuwar domin a dawo da sodar. Kowane ɗayan waɗannan sinadarai an san halinsa, kuma muddin yana cikin bututunsa shi kaɗai ba kasafai yake ɓarna ba. Manyan haɗurra sun fi aukuwa a inda abubuwa biyu da bai kamata su gamu ba suka gamu: asid da ruwan salfaid, ruwa da narkakken gishiri, tartsatsin walda da iskar da ta taru a saman tanki. Saboda haka ginshiƙin kiyaye haɗari a wannan sana'a shi ne sanin duk wata mahaɗa, a kuma toshe ta.

Zagayen sinadarai

Tsarin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kiraft, wanda Carl Dahl ya ƙirƙiro a Danzig a 1879. Ana zuba yankakken itace a babbar tukunya tare da "farin ruwa", wato haɗin kaustik soda (NaOH) da sodiyam salfaid (Na2S), a dafa a zafin digiri 150 zuwa 170 na Salshiyas ƙarƙashin matsi. Zaren itacen ya rabu ya zama ƙullun takarda, ruwan da ya rage kuma shi ne "baƙin ruwa". Ana ƙafar da shi har ya yi kauri, a ƙone shi a tukunyar tururi ta musamman. Gishirin da ke ciki ya narke ya gangaro ƙasa, a narkar da shi cikin ruwa a wani tanki ya zama "koren ruwa", a haɗa shi da ƙonanniyar farar ƙasa (CaO) ya koma farin ruwa. Duka ruwayen nan uku suna da zafi, suna cin fata, kuma suna ɗauke da salfaid.

Haidurojin salfaid

Da zarar asid ya taɓa ɗaya daga cikin ruwayen nan, sai iskar haidurojin salfaid (H2S) ta tashi nan take. Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan na iska. Ƙasa da ppm 1 ma hanci yana jin warinta na ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan ta kai wajen ppm 100 sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. A ppm 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iska nauyi, don haka rami, kwata da ƙasan tanki take bi.

Ba kasafai ake haɗa asid da salfaid da gangan ba. Magudanar ruwa ce ke haɗa su. A ranar 16 ga Janairun 2002, a masana'antar Naheola da ke Pennington a jihar Alabama ta Amurka, ruwan sodiyam haidurosalfaid, wani nau'in salfaid, da ya taru a wurin sauke kayan motocin tanka ya gangara cikin magudanar da ake zuba wa salfurik asid. Iskar da ta tashi ta fito ta wata kafa a murfin magudanar, ta kashe 'yan kwangila biyu, ta jikkata mutum takwas. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta bincika lamarin.

Maganin wannan yana farawa daga zanen masana'anta. Magudanar asid daban, ta soda daban, kuma a riƙa sabunta taswirar da ke nuna inda kowace kwata ta nufa, domin a tsohuwar masana'anta akan samu bututun da babu wanda ya tuna ranar da aka jona shi. Idan za a wanke tukunya ko na'urar ƙafar da ruwa da asid don cire ɓawon da ya daskare, sai an fara ɗauraye ta da ruwa har an tabbatar babu sauran salfaid, an kuma san inda ruwan wankin zai zuba. Ana kafa na'urorin gano iskar a ƙasa-ƙasa kusa da ramuka, kowane ma'aikaci kuma ya maƙala ƙaramar na'ura a ƙirjinsa kusa da hanci. A gwada ta da iskar gwaji kafin a fara aiki. Na'urar da ba ta yi ƙara a gwaji ba, ba za ta yi a rami ba.

Ruwa da narkakken gishiri

Gishirin da ke ƙasan tukunyar ƙona baƙin ruwa yana narke ne a zafin da ya kai wajen digiri 800. Bangon tukunyar kuwa bututun ruwa ne jere da juna. Idan ɗaya ya tsage ruwa ya sauka kan narkakken, ruwan yakan zama tururi cikin ƙiftawar ido, ya kumbura ninki kusan 1,700, ƙarfin kuma ya isa ya yaga kusurwar tukunyar. Wannan fashewa ba ta wuta ba ce, don haka kashe wuta kaɗai ba ya hana ta.

Ruwa na iya shiga ta hanyoyi uku: bututu mai yoyo, ruwan sanyaya bakin da narkakken ke fita, da baƙin ruwan da bai yi kauri ba. Don na ukun ne ake sa na'urori biyu masu auna kauri a kan bututun. Ƙa'idar kwamitin BLRBAC, wanda ke ba da shawara kan irin waɗannan tukwane, ita ce idan daskararren abin da ke cikin ruwan ya yi ƙasa da kashi 58 cikin ɗari, a karkatar da shi kai tsaye kada ya shiga wuta. Yoyon bututu kuma yana da alamu: ruwan da ake ba tukunya ya fi tururin da take fitarwa, fankar jan hayaƙi ta ƙara gudu ba dalili, wani ɓangaren wutar ya yi baƙi, ko a ji wani sabon huci. Mai kula da tukunya yana da ikon danna maɓallin tsayarwar gaggawa ba tare da neman izinin kowa ba: jiniya ta yi kuka, a yanke duk makamashi da ruwan shiga, a zubar da ruwan tukunyar har ya rage kimanin mita 2.4 daga ƙasa, kowa ya fice daga ginin. Wajibi ne shugabanni su nuna a aikace cewa wanda ya danna maɓallin bisa zato ba zai fuskanci hukunci ba, in ba haka ba zai tsaya jiran tabbaci, tabbacin kuwa yakan zo a makare.

Ɗakin mai da ƙullu fari

Yawancin masana'antu sun bar amfani da kulorin zalla, sun koma kulorin dayoksaid (ClO2). Ba a iya safarar wannan iska, don haka a wurin ake haɗa ta daga sodiyam kuloret da salfurik asid da metanol, a narkar da ita cikin ruwan sanyi, kimanin giram 10 a kowace lita. Idan ta wuce wajen kashi 10 cikin ɗari a cikin iska takan wargaje da kanta da ƙara, zafi ko datti ko hasken rana kuma suna hanzarta hakan. Iyakar shaƙarta a aikin awa takwas ppm 0.1 ce kawai. Abin lura, illarta ga huhu na iya jinkiri: mutum ya yi tari ya ji ya warke, bayan wasu awowi ruwa ya taru masa a huhu. Duk wanda ya shaƙe ta sai likita ya duba shi, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Sodiyam kuloret shi ne wanda sabon ma'aikaci ya fi rainawa, don ruwansa kamar ruwan gishiri yake, ba ya wari. Amma idan ya jiƙa wando ko takalmin fata ko katako ya bushe, abin ya zama kamar kan ashana, gogayya kaɗan sai ya kama da wuta mai tsanani wadda lulluɓe ta da bargo ba ya kashewa, domin kuloret ɗin da kansa yake ba ta oksijin. Ruwa mai yawa kaɗai ke kashe ta. Shi ya sa ba a shiga wurin da takalmin fata ko bel na fata, sai roba. Tufar da ta jiƙe a tsoma ta cikin ruwa nan take kafin ta bushe, kuma ba a kai ta gida.

Haidurojin faroksaid, wanda akan kawo a ƙarfin kashi 50, yana wargajewa idan tsatsa ko tagulla ko soda ta shiga cikinsa, ya fitar da zafi da oksijin. Ba a rufe shi tsakanin bawul biyu ba tare da mafitar matsi ba, kuma abin da aka ɗiba ba a mayar da shi tanki. Sodiyam haidurosalfayit na gari, da ake mai da ƙullun tsohuwar takarda fari da shi, ɗan danshi kaɗan ke sa ya ɗumama kansa har ya kama wuta. Bilic kuwa idan ya gamu da asid kulorin yake fitarwa. Wannan haɗuwa ta fi faruwa a wurin sauke kaya, lokacin da aka jona tiyon tanka a bakin da ba nasa ba. Dabara mafi inganci ita ce kowane sinadari ya zama da bakin bututu mai siffa dabam da kwaɗonsa, makullin yana hannun ma'aikacin masana'anta, ba direba ba.

Soda a fata da ido

Soda ba ta yin zafi nan take kamar asid. Fata takan fara santsi kamar an shafa sabulu, alhali kitsen jikin ne ke narkewa, kuma tana ci gaba da ratsawa ciki. A ido, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su jawo makanta. Ana ajiye shawa da famfon wanke ido inda za a kai cikin daƙiƙa 10 ba tare da hawa bene ko buɗe ƙofa ba, a kuma buɗe su kowane mako don a tabbatar ruwa na zuwa. A tuɓe tufar a ƙarƙashin ruwan, a wanke aƙalla minti 15, ga soda ma rabin awa ko fiye. Ba a zuba asid don a kashe sodar. Garin ƙonanniyar farar ƙasa kuwa a kakkaɓe shi tukuna kafin a sa ruwa.

Mafi yawan irin wannan ƙuna wajen kwance bututu take faruwa. A rufe bawul na gaba da na baya, kowane mai aiki ya sa kwaɗonsa, a buɗe bawul ɗin zubarwa da ke tsakani. Rashin fitowar ruwa ba shaida ba ce cewa bututun fanko ne, domin soda mai ƙarfin kashi 50 tana daskarewa a wajen digiri 12, baƙin ruwa ma yana toshe ƙaramin bawul ya riƙe matsi a bayansa. A fara sassauta notin da ke nesa da fuska, a bar na kusa a ɗaure, yadda in akwai saura zai fesa can gefe. Tabarau mai rufe ido ruf da garkuwar fuska tare ake sa su.

Walda, tankoki da lokacin babban gyara

Dahuwar itace tana fitar da iskoki masu wari da kama wuta, tare da metanol da tafentain, man da ke fita daga itatuwan fayin. Suna taruwa a sararin da ke saman tankoki. A ranar 8 ga Fabrairun 2017, a DeRidder ta jihar Luwiziyana, ana aikin walda a saman wani tankin gurɓataccen ruwa lokacin gyaran shekara sai tankin ya fashe, ya yi sama ya faɗi nesa da fiye da mita 100. Mutum uku suka mutu, bakwai suka ji rauni. Kafin nan, a ranar 29 ga Yulin 2008, a Tomahawk ta jihar Wiskonsin, mutum uku sun mutu suna walda a kan tankin da ke ɗauke da ruwa da ragowar zaren takarda kawai. Ƙwayoyin bakteriya ne suka ruɓar da zaren suka samar da iskar haidurojin. Sunan abin da ke cikin tanki ba ya gaya wa mutum abin da ke samansa, awo ne kaɗai ke gaya masa.

Takardar izinin walda tana da amfani ne idan wanda ya sa hannu ya je wurin da ƙafarsa. A auna iska a wurin aikin da cikin duk tankin da ke kusa ko ƙasa, a ci gaba da aunawa har a gama. A kawar da abin da ke kama wuta har nisan mita 11, ko a rufe shi, a kuma ajiye mai gadin wuta wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Idan ana iya kwance ƙarfen a kai shi wurin walda, hakan ya fi.

Shiga cikin tanki ko tukunya yana da nasa tsarin. A toshe kowane bututu da faifan ƙarfe, rufe bawul kaɗai bai isa ba. A auna oksijin da farko, ya kasance tsakanin kashi 19.5 da 23.5, sannan iska mai kama wuta, kada ta kai kashi 10 na matakin da take fara kamawa, sannan masu guba. A auna sama da tsakiya da ƙasa. Laka da ke kwance a ƙasan tanki na iya riƙe H2S ta sake shi lokacin da aka taka ta, don haka awon safe ba ya wadatar da rana. Mai tsaron bakin tanki ba ya shiga ko da abokinsa ya faɗi. Aikinsa ya kira masu ceto da ke da silindar numfashi a baya, domin abin rufe hanci mai matata ba ya samar da oksijin, kuma sau da yawa wanda ya ruga ceto hannu rabbana shi ne gawa ta biyu.

Lokacin babban gyara ne duk waɗannan ke haɗuwa: ɗaruruwan 'yan kwangila da ba su san wurin ba, fankokin jan iska a kashe, tankoki suna hucewa suna zuƙo iskar waje, ayyuka biyu a sama da ƙasan juna. Kowane canji, ko na sabon sinadari ne ko na karkatar da kwata na kwana biyu, sai an zauna an duba abin da zai gamu da shi kafin a yi. A wajen miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa, a rubuta bawul ɗin da aka bari a buɗe, ƙararrawar da aka kashe na ɗan lokaci, da sunan duk wanda har yanzu kwaɗonsa ke rataye.