Horar da likitocin yoyon fitsari ta haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa

Horar da likitocin yoyon fitsari aiki ne da asibitocin Afirka da Asiya suke yi tare da ƙungiyoyin likitoci na duniya, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da gwamnatoci. Manufarsa ita ce a koya wa likitoci da ma'aikatan jinya yadda ake ɗinke kafar da doguwar naƙuda take bari tsakanin mafitsara da farji, ko tsakanin dubura da farji. Ciwon ya kusa ɓacewa a Turai da Amurka tun da tiyatar haihuwa ta wadata, don haka makarantun likitanci na can ba su da marasa lafiyar da za a koyi aikin a kansu. Kuɗi da kayan aiki sukan zo daga waje, amma gwanintar hannu a wurare irin Addis Ababa da Katsina take.

Yadda ciwon yake samuwa

Idan mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda kan jariri ya kasa wucewa, yakan matse naman mafitsara a jikin ƙashin gaba har jini ya daina kaiwa wurin. Naman sai ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. A ƙasar Hausa akwai kuma wanda yankan gishiri yake jawowa, sannan cibiyoyi da dama suna ganin ƙaruwar wanda ake samu ta kuskure lokacin tiyatar haihuwa ko cire mahaifa. An daɗe ana cewa mata miliyan 2 ne suke fama da shi a duniya. Ƙiyasin baya-bayan nan ya sauko zuwa wajen 500,000, kuma masana ba su daidaita a kai ba.

Tarihi

A 1959 likitocin mata biyu, Reginald Hamlin ɗan Niyu Zilan da matarsa Catherine 'yar Ostareliya, suka isa Addis Ababa da kwangilar shekara uku don kafa makarantar ungozomomi. Ba su taɓa ganin yoyon fitsari na haihuwa ba sai a can. Suka koma tsofaffin rubuce-rubucen likitoci, suka gyara dabarun daidai da abin da suke gani, a 1974 suka buɗe asibitin da ba ya yin komai sai wannan aiki, kuma kyauta. Reginald ya rasu a 1993, Catherine ta ci gaba har rasuwarta a 2020 tana da shekara 96. Likitoci daga ƙasashe masu yawa sun koyi aikin a can. Cikin waɗanda suka koya musu har da Mamitu Gashe, wadda ta zo a matsayin mara lafiya a farkon shekarun 1960, ta warke, ta zauna tana gyaran gadaje, daga baya ta riƙa taya Reginald a ɗakin tiyata har hannunta ya faɗa, ba tare da ta yi karatun likita ba. A 2007 cibiyar ta buɗe kwalejin ungozomomi, don ɗinki kaɗai ba ya hana sababbin mata shigowa.

A arewacin Najeriya tarihin yana haɗe da Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan da ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980. Ya fara ɗinkin yoyon fitsari a can, ya riƙa zagayawa Kano da Sakkwato da wasu garuruwa yana aiki yana koyarwa, ya kuma rubuta bayanin dubban matan da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya. Daga waɗannan bayanai ya fitar da tsarin rarraba ciwon da har yau ake koyarwa. Babbar Ruga yanzu cibiyar tarayya ce, tare da ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki a Ebonyi. A Kano akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala Muhammad.

Asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya ƙaddamar da gangamin kawar da ciwon a 2003. A 2005 aka yi aikin mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato, inda likitocin gida da na waje suka yi wa mata sama da 500 tiyata, ana koyar da sababbin hannu a lokaci guda. Daga 2007 zuwa 2013 hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyin shirin Fistula Care ta hannun ƙungiyar EngenderHealth. A Nijar, an buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012.

Tsarin horon

Kafin 2011 kowace cibiya da irin koyarwarta. A wannan shekara FIGO, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta duniya, tare da abokan aikinta, ta fitar da kundin horo guda, a 2012 kuma ta fara shirin tura likitoci cibiyoyin da ta amince da su. Kundin ya kasa ƙwarewa mataki uku: na farko, na tsakiya, da na gwanaye. Ana ɗaukar likitan da ya riga ya iya tiyata, ya yi makonni a cibiyar horo, ya koma asibitinsa, sannan malami ya riƙa zuwa yana tsayawa a kansa yana aiki. Ba a ɗaga shi mataki don ya cika kwanaki, sai malamin ya ga hannunsa.

Abin da ake fara koyarwa shi ne tantancewa, wato likita ya san wace kafa ce zai iya, wace ce zai tura gaba. A tsarin Waaldijk, nau'i na ɗaya bai taɓa sashen da yake riƙe fitsari ba, na biyu ya taɓa shi, na uku kuwa ya ƙunshi sauran, kamar raunin bututun da yake sauko da fitsari daga ƙoda. Tsarin Judith Goh na 2004 yana auna nisan kafar daga mafitar fitsari, da girmanta, da yawan tabo. An fi tsananta wa ɗalibi a kan tantancewa saboda aikin farko shi ne ya fi yiwuwar nasara. Kowane ɗinki da ya warware yana ƙara tabo, yana rage naman da za a kama a karo na gaba.

Aikin kansa yawanci ta farji ake yin sa, da allurar baya mai kashe ƙasan jiki, an ɗaga ƙafafu an karkata gadon. Likita yana yanka gefen kafar, ya raba mafitsara da bangon farji har ta saki, ya nemo bakunan bututun ƙoda biyu ya sa musu siririyar roba in suna kusa, don kada allura ta haɗa da su. Sai ya ɗinke da zaren da yake narkewa, ba tare da ja ba. Kafin a rufe farjin ana ɗura shuɗin ruwa a mafitsara ta robar fitsari, a haska a duba ko zai ɓullo. In ya ɓullo, da sauran aiki. A hannun gwani, kusan kashi 90 cikin 100 na kafofi masu sauƙi suna rufewa.

Jinya

Shirye-shiryen da suka yi ƙarko suna horar da ma'aikatan jinya tare da likitan, domin rabin nasarar a ɗakin kwanciya take. Robar fitsari in ta toshe ko ta lanƙwashe da dare, mafitsara ta cika, ɗinkin ya fashe. Shi ya sa ake koya wa mai jinya ta duba abu uku a kowane zagaye: matar tana shan ruwa, fitsari yana sauka a roba, shimfiɗa a bushe take. Ana ba ta ruwa lita da yawa a yini har fitsarin ya yi fari. A da, mako biyu ake barin robar. Bayan wani gwaji a ƙasashen Afirka da aka wallafa a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 ga kafa mai sauƙi. Ana kuma koya wa ungozomomi cewa macen da ta fara yoyo bayan haihuwa a sa mata roba nan take, a bar ta makonni, domin wasu ƙananan kafofin suna rufewa da kansu ba tiyata. Lokacin sallama ana yi wa mace da mijinta bayanin hutun kwanciyar aure na watanni, da cewa haihuwa ta gaba a asibiti za a yi, ta tiyata.

Matsaloli

Babbar asara ita ce likitan da aka horar ya koma gida ya tarar babu gadon tiyata mai karkata, babu zare, babu fitila mai kyau, ko a yi masa canjin wurin aiki, ko ya bar ƙasar. Wata shida ba aiki, hannu ya yi sanyi. Aikin kuma ba ya kawo kuɗi, don masu ciwon matalauta ne. Ana sukar gangamin 'yan kwanaki da baƙin likitoci suke yi su tafi ba mai bibiya; masu kare shi suna cewa yana rage layin masu jira. Akwai kuma matan da kafarsu ta rufe amma fitsari bai daina zuba ba saboda sashen riƙewa ya lalace, da waɗanda ba a iya gyara musu sai an sauya wa fitsarin hanya, kuma likitocin da suka kai wannan mataki ba su da yawa. Yawancin shirye-shiryen da kuɗin masu ba da agaji suke tafiya, in tallafin ya tsaya horon ma yakan tsaya.