Waiwaye: Dabarar kama hayaƙin tashoshin wuta a binne shi a ƙasa

Masu haƙar mai ne suka fara wannan dabara, a jihar Texas ta Amurka a 1972. Sukan tura iskar kabon, wato iskar da ke cikin hayaƙi mai ɗumama duniya, cikin tsofaffin rijiyoyi don ta koro ragowar man da ya maƙale, kuma riba ce kawai a gabansu. Sai a 1996 aka yi ta don kare yanayi, lokacin da Norway, wadda ta sa wa iskar haraji tun 1991, ta fara binne kusan tan miliyan 1 a shekara a ƙarƙashin teku, a filin gas na Sleipner.

A tashar wuta ne aikin ya fi wuya. Ana bi da hayaƙin ta cikin ruwan wani sinadari da ke riƙe kabon, a dafa ruwan ya sake shi, a matse shi, sannan a tura shi ta bututu can cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Dafawar da matsewar suna cinye kaso mai tsoka na wutar da tashar ta samar, nan ne tsadar take. Tashar kwal ta Boundary Dam a Kanada ta fara amfani da dabarar a 2014. Petra Nova ta Texas ta biyo baya a 2017, aka rufe ta a 2020 da farashin mai ya karye, tunda rijiyoyin mai take tura wa iskar, sai 2023 ta dawo aiki.

Maganar ta iso gida a 2021, da Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya yi alƙawari a taron duniya kan sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sararin sama wannan iska. Ga kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda ake sa ran zai kawo wa Arewa tashoshin wuta masu ƙona gas.

Abin da ke damuna shi ne, an ƙera dabarar ne don manyan tashoshi. Hayaƙin Katsina kuwa daga janareton mai walda yake fita, da injin niƙa, da murhun itace, kuma ba mai iya kama su ɗaya bayan ɗaya. A ganina kuɗin da ke hannu ya fi dacewa da wutar sola da gyara injinan samar da wuta da iska na Lambar Rimi masu megawat 10, tunda hamada tana matso mu ta Jibiya da Mai'adua.