Ɗaura kujerar faiba a motar da aka haɗa a gida

Kujerar faiba ita ce wadda aka zuba da zaren gilashi haɗe da ƙaron rezin, ta fito da siffar ƙwarya mai rungume jikin direba. An fi amfani da ita a ƙananan motocin da mutane ke haɗawa da hannunsu, musamman a Ingila, inda wannan sana'a ta bunƙasa tun fitowar Lotus Seven a 1957. Rashin nauyinta ya sa ake son ta, amma ɗaura ta yana da ƙa'ida, domin faiba ba ta lanƙwasa kamar ƙarfe. Idan nauyi ya taru mata a wuri guda, tsagewa take yi.

A haɗarin da ya kai ƙarfin ninki 20 na nauyi, direba da kujera masu kilo 85 za su ja maɗaurin da kimanin tan 1.7. Bol huɗu masu kauri milimita 8, na ajin ƙarfi 8.8, sun fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Abin da ke karyewa shi ne wurin da bol ya ratsa: ko kan bol ya ɓarke faiba ya fice, ko ya yage daɓen motar.

Daɓen irin waɗannan motoci galibi falle ne na alminiyam, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, an kama shi da ribit. Ba a ɗaura kujera a kansa kaɗai. Ana yi wa shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar, waldar sanduna biyu na fayif mai kusurwa huɗu, milimita 25, ɗaya gaba ɗaya baya, a gicciye. Cikin kowane ramin bol a sa ɗan gajeren bututun ƙarfe, don kada fayif ya lotsa in an matse noti. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta shar'anta wurin ɗauri huɗu ga kowace kujera, da farantin tallafi na ƙarfe mai kauri milimita 3 da faɗin murabba'in santimita 40 a kowane wuri. Ko motar ba ta tsere ba ce, wannan ma'auni ne da ya kamata a bi.

Ɓangaren faiba shi ya fi buƙatar natsuwa. Kafin a huda, direba zai zauna, ya taka kuloci har ƙasa, ya riƙe sitiyari, sannan a yi alama. A manna salatef a wurin don kada fatar saman ta ɓantare, a fara da ƙaramin rami, a faɗaɗa a hankali ba tare da dannawa ba. Ramin ya nisanci gefe ko lanƙwasa da aƙalla ninki uku na kaurin bol. A goge bakinsa da samfefa, a shafa rezin, in ba haka ba ruwa zai bi zaren ya shiga, sassan su rabu. Idan gindin kujerar siriri ne, a ƙara masa shimfiɗa biyu ko uku na zaren gilashi daga ƙasa.

Daga ciki, ƙarƙashin kan bol, a sa faffaɗar washa ko faranti mai zagayayyun kusurwoyi, domin kusurwa mai kaifi tana yanka faiba kamar wuƙa. Tsakanin faiba da ƙarfe kuma a sa siririyar roba. Gindin kujera ba kasafai yake a miƙe ba, saboda haka duk giɓin da ya rage a cike shi da zoben ƙarfe ko na roba mai tauri. Wanda ya ja kujerar da ƙarfin sifana har ta kwanta, ya bar ta cikin matsi, kuma bayan 'yan watanni zai ga tsaga mai kama da saƙar gizo-gizo kewaye da bol. Noti kuwa a yi amfani da mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi.

Bel ɗin ɗaure jiki ba a kafa shi a jikin kujerar faiba sam. Ramukan da ke jikinta na wucewa ne kawai, maɗaurinsa yana jikin shasi. Na kafaɗa ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, kada ya wuce digiri 20, domin in ya sauka da yawa zai danne ƙashin baya a lokacin karo. A Birtaniya, masu gwajin IVA, wato gwajin tantance mota ɗaya-ɗaya, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, suna duba ɗaurin kujera da na bel kafin a yi wa motar rajista.