Hayaƙin da ke shiga ƙirjinmu shi ne ke hawa sama

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na Nima, Maamobi, Sabon Zango, Fadama, Madina da sauran zangunan Accra.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina awon yara da bin gida-gida. In Fabrairu da Maris suka kama, duk lungun da na shiga gaisuwar ɗaya ce: "Sannu da aiki, yaya zafi?" Ɗakin kwano ba ya hucewa sai goshin asuba, jikin yara duk ƙuraje, in kuma aka ɗauke wuta sai a baza tabarmi a tsakar gida a kwana ana faɗa da sauro. Kwanan baya wata Hajiya mai dafa waakye (shinkafa da wake) ta tare ni a bakin murhunta, gumi na zuba, ta ce: "'Yata, ku da kuka yi karatu, da gaske ne wai mutum ne ya jawo wannan zafin? To in mutum ne, zai iya mayar da shi?" Na amsa mata a tsaitsaye don ana jirana a wani gidan. Ga cikon amsar, Hajiya, ke da duk mai irin tambayarki.

Komai da ikon Allah yake, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi. Rana tana dukan ƙasa, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan ta mayar da shi sama. A sararin akwai wasu nau'o'in iska da ke tare wani kaso na zafin nan su hana shi ficewa. Wannan rahama ce, don ba don su ba da sanyi ya daskarar da duniya. Matsalar ita ce mun ƙara musu yawa. Tun da aka fara ƙona kwal, fetur da gas a masana'antu da motoci, ana kuma sare dazuzzuka, babbarsu, wato iskar kabon, ta tashi daga wajen 280 cikin kowane miliyan ɗaya na iska zuwa sama da 420. Zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a shekarun 2011 zuwa 2020 in aka gwada da ƙarshen ƙarni na 19, shekarar 2024 kuwa ita ce ta zarce duk waɗanda suka gabace ta tun da aka fara aunawa, da ƙarin da ya ɗan haura digiri 1.5. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku. Uwar da ta taɓa ganin ma'auni ya nuna 38.5 a hammatar ɗanta maimakon 37 ta san abin da digiri ɗaya da rabi ke nufi.

Abin da na fi so a gane shi ne iskar kabon taruwa take yi. Ba ta bajewa kamar hayaƙin murhu. Wani kasonta teku da itatuwa suna shanyewa, ragowar kuma ta zauna a sama ɗaruruwan shekaru. Ku ɗauke ta kamar littafin bashin mai kanti. In kullum kina karɓar kayan sidi goma, sai kika rage zuwa sidi biyar, bashin bai ragu ba, hawansa ne ya yi sauƙi. Ranar da zai tsaya ita ce ranar da abin da kike karɓa ya yi daidai da abin da kike biya. Masana sun ce zafin duniya haka yake bin jimillar kabon ɗin da aka tara: ranar da abin da ake fitarwa ya daidaita da abin da ake janyewa, ƙarin zafin zai tsaya kusan inda ya kai. Saboda haka amsar Hajiya ita ce, mayar da zafin baya abu ne mai wuya ƙwarai, amma tsayar da shi yana hannun mutane, kuma gwargwadon saurin tsayarwar gwargwadon sauƙin da jikokinmu za su samu.

A kan haka ƙasashen duniya, har da Ghana, suka ƙulla yarjejeniyar Paris a 2015: a riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2 sosai, a yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya lissafa cewa hakan na buƙatar a rage iskar da ake fitarwa da kashi 43 cikin 100 kafin 2030, in aka gwada da na 2019, sannan littafin kabon ya daidaita wajen 2050. Rabin digirin nan da ke tsakanin 1.5 da 2 ba wasa ba ne. A 1.5, wajen kashi 14 cikin 100 na mutanen duniya ne za su riƙa gamuwa da matsanancin zafi aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. A digiri 2 kuwa kashi 37 ne. Gaskiya ba a kan turbar ake ba tukuna, domin yadda ake tafiya yanzu an doshi kusan digiri 3 a ƙarshen ƙarnin nan. Amma kafin Paris wajen digiri 4 ake hange, kuma farashin lantarkin rana ya faɗi da kusan kashi 85 cikin 100 tsakanin 2010 da 2019. Ashe ragewar tana tasiri, sai dai tafiyar ta hawainiya ce.

Na san abin da samarin majalisar shayi za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa ba. Sin ce ke kan gaba a yanzu, Amurka kuma ita ta fi kowa tarawa a tarihi. Ko duk matan Nima sun kashe murhunsu yau, ma'aunin duniya ba zai motsa ba. Babban nauyin yana wuyan masu manyan masana'antu, kuma daidai ne shugabanninmu su riƙa matsa musu lamba a tarukan duniya, kamar yadda aka yi a Masar a 2022 har aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara. Wani ya ci, wani ke biya.

Sai dai biyan a ƙofarmu ake karɓarsa. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwa in ya tashi zuba sai ya zo kamar da bakin ƙwarya. Babu ɗan Accra da ya manta daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, aka rasa rayuka wajen 150, Allah ya jiƙan su. Ba zan ɗora wa sauyin yanayi wannan dare shi kaɗai ba, don kwatocin da muka toshe da leda da gine-ginen da aka yi a hanyar ruwa suna da nasu kason. Amma ruwan da ke ƙara ƙarfi in ya tarar da kogin Odaw cike da bola, an san ƙarshen zancen, kuma bayan ambaliya mu ne ke karɓar masu gudawa da amai. Teku ma ta ɗaga da wajen santimita 20 tun farkon ƙarnin da ya wuce, mutanen garuruwan bakin teku irin su Keta da Ada suna gani da idonsu.

To me ya rage a hannunmu? A nan ne aikina ya haɗu da zancen yanayi. Ban da kabon akwai wasu abubuwa biyu masu ɗumama duniya waɗanda ba sa daɗewa a sama. Ɗaya ita ce iskar metan, mai tashi daga abin da ke ruɓewa a jibge ba iska, kamar ragowar abinci a juji. A cikin shekara 20 tana riƙe zafi fiye da kabon wajen sau 80, amma shekara 12 ko makamancin haka take yi ta lalace. Ɗayan kuma kunkunniya ce, baƙin nan da ke manne wa rufin madafa da gindin tukunya. Yana shan zafin rana in yana yawo a iska, amma kwanaki ko 'yan makonni yake yi ya sauko. Waɗannan biyun in aka rage su, ba sai an jira jikoki ba kafin a ga amfani. Kuma baƙin nan shi ne dai nake ji a ƙirjin yara in na kara musu abin sauraro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa.

Mu fara da murhu. Buhunan gawayin da ke shigowa Accra a manyan motoci itatuwa ne da aka sare a wajajen Kintampo da Afram da can Arewa, kuma kafin a sami buhu guda sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau da dama. Wanda ke da hali ya koma gas. Na sani gas ɗin ma daga ƙasa ake haƙo shi, yana fitar da kabon, amma hayaƙinsa a ɗaki kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a sare bishiya dominsa. Burin gwamnati shi ne rabin 'yan ƙasa su koma girki da shi kafin 2030. Na kuma san tsoron da ke zukatan iyayenmu mata tun fashewar gas ta Atomic Junction a Oktoban 2017. Maganin tsoron shi ne sani: a ajiye silinda a tsaye a inda iska ke shiga, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo a ga ko zai yi kumfa, a canja tiyon da ya tsattsage, a rufe kan silinda in an gama, in aka ji wari kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki.

Wadda ba ta da kuɗin silinda, ko tukunyarta ta sana'a ce irin ta Hajiya, ta nemi kurfoti mai yumɓu a ciki, irin su Gyapa, yana riƙe zafi ya rage cin gawayi. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a yi girki a fili, kada a goya jariri a tsaya kan hayaƙi. Don Allah a daina hura wuta da leda ko tsinken roba. Kuma in hunturu ya zo, kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Sai bola. Ƙona ta a bakin kwata da magariba ya zama mana al'ada, alhali leda da roba in suna ci guba suke saki, makwabci mai asma shi ke kwana a zaune. A ba masu aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku, su kwashe, 'yan sidin da za a biya ba su kai kuɗin magani ba. A ware gorunan roba da gwangwani ga masu saye. Ɓawon doya da na ayaba a ba masu kiwo, ai zango ba ya rasa tumaki, kuma abin da akuya ta ci bai je juji ya ruɓe ba. Su ma samarinmu masu sana'ar tsofaffin ƙarafa, feɗe waya da wuƙa ko na'ura ya fi ƙona ta, duk wanda ya san Agbogbloshie, inda aka yi ta ƙona wayoyi, ya san irin ciwon tarin da ƙonawar ke bari.

Direbobin trotro da tasi, motar da ke tirniƙe titi da baƙin hayaƙi man da kuka saya ne ke fita bai ƙone ba, kuma ku da yaran motarku ku ke fara shaƙa. A gyara inji, a duba iskar taya, a kashe mota in jiran lodi zai daɗe. A gida kuma, yawancin wutar Ghana yanzu daga injinan Tema da Aboadze masu ƙona gas take zuwa, ba madatsar ruwa ta Akosombo kaɗai ba, saboda haka tsohon firji mai zuƙar wuta yana cin aljihu yana kuma ƙara hayaƙi. Tun 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji. Mai sayen sabo ya dubi takardar taurarin da ke jikinsa, yawan taurari ƙarancin cin wuta. Wanda ke da ɗan fili a ƙofar gida ko harabar masallaci ya dasa darbejiya ko mangwaro, ya kuma kewaye shi don awaki, domin dashen da ba a shayar ba hoto ne kawai.

Roƙona na musamman ga iyayenmu mahauta da malamai masu huɗuba shi ne babbaka da taya. Na ga ana yi ranar Layya, na ga ana yi wa ganda da kai da ƙafa. Hayaƙin taya yana cikin mafi muni da huhu ke iya shaƙa, kuma dattinsa yana zama a jikin naman da za a kai wa iyali. Akwai abin babbaka mai aiki da gas, gida huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su saya tun kafin Sallah ta matso.

Iyaye mata, yaron da ke tari kuma numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki in ya ja iska, ko ya kasa kama nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo shi asibiti a ranar. A kwanakin zafi kuma a yawaita ba tsofaffi da masu ciki ruwa tun ba su nema ba, jaririn da bai kai wata shida ba a ƙara masa nono kawai. Hajiya, ranar Alhamis zan biyo ta lungunku, zan duba ƙirjin jikan nan naki da ke kwana kusa da murhu.